Askarka ta riga ni shiga jirgin Makka

Zuwa ga Yaya Ari, wanzamin Gure, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kabari ya yi maka faɗi, ƙanenka Gambo ne. Ka san ban yi karatun lakwal ba, malamin makaranta maƙwabcina ke rubutawa, na kuma hana shi gyara mini magana.

Yaya, na je Makka na dawo. Na cika maka alkawari, amma saura kaɗan askarka ta hana ni tafiya.

Ka tuna askar nan mai ƙotar ƙaho? Shekara talatin kana hana ni taɓa ta, kana cewa hannuna da nauyi, wai ni da sassabe na dace. Ban manta ba, ban kuma yafe duka ba. Sai ranar da ciwo ya kwantar da kai ka danƙa mini ita, ka ce in Allah ya kai ni Mina in yi wa alhazai aski da ita, tunda kai ba ka samu zuwa ba.

Da muka isa filin jirgi a Yamai, abokin tafiyata Malam Bukar na Kelle ya ce in jefa zabira cikin akwatin da za a loda a ƙasan jirgi. Na ƙi. Yaushe ka taɓa ganin zabirar wanzami a ƙarƙashin ƙafafun mutane? A kafaɗa take tafiya, haka Baba ya koya mana. Akwatuna suka wuce, ni ina rataye da abata.

Ashe akwai wani dogon tebur a bakin ƙofa, jandarmomi na buɗe kayan hannun kowa. Wai a wasu ƙasashe mutane na shiga jirgi da makami su juya shi inda suke so. Da ka ga abin da aka tara, da ka yi dariya har rawaninka ya faɗi. Takobin wani makiyayi na Bune, risho da kananzir na wata tsohuwa, har taɓarya ƙarama.

Aka zo kaina. Jandarma ya zazzage zabira, ya ɗaga askarka sama kamar ya kama ɓarawo, ya ce ba ta shiga. Na ce masa wuyan hakimai da kan jarirai 'yan kwana bakwai sun bi ta ƙarƙashin wannan ƙarfe, ba wanda ya yi kuka da ita. Ni da ban iya tuƙa ko amalanke ba, ina zan kai jirgi? Kasuwar Gidigir?

Bai yi dariya ba. Ni kuwa na shimfiɗa buzuna a gaban teburin na zauna, na ce in ba ta tafiya, ni ma na fasa. Ka san ni. Malam Bukar har da hawaye, yana cewa: "Gambo, Ka'aba za ka bari saboda guntun ƙarfe?" Yaya, ba zan ɓoye maka ba, saura kaɗan in tashi. Ina ganin mutane na hawa matakala ɗaya bayan ɗaya. Amma da wane ido zan dube ka ranar haɗuwa?

Can babbansu ya zo, wani mai furfura, ya ji labarinka tun daga farko. Ya naɗe askar a takarda, ya liƙa mata lamba a ƙota, ya ce za a ba matuƙin jirgi ya riƙe har Jidda. Ina kallo aka hau da ita kafin ni.

To ka ji. Askarka a gaba tare da matuƙi, ni a kujerar ƙarshe kusa da bayan gida. Ko bayan ranka sai da ka fi ni wurin zama!

A Jidda na ƙi barin bakin matakala sai da aka miƙo mini ita. A Mina, bayan jifa da yanka, Malam Bukar ya fara yi mini aski, ya yanke ni wuri biyu, wannan ma ina riƙe da shi. Sannan na karɓi askar. Mutanen Gure, na Damagaram, har waɗanda ba na jin yarensu suka yi layi. Kowane kai na dafa, sunanka nake ambata a zuciya. Wani dattijo ya shafa kansa ya ce bai ji wucewar aska ba. Da kana nan, da na sa ya maimaita maka sau uku.

Lambar nan tana liƙe a ƙotar har yau, na hana kowa ɓamɓarewa. A kasuwar Gure yanzu Hajiya ake kiran askarka, masu zuwa aski ita suke fara gaisarwa kafin ni.

Allah ya kai maka ladan kowane gashi da ta sauke. Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a inda ba mai buɗe wa wani zabira.

Ƙanenka mai nauyin hannu,
Alhaji Gambo Wanzam