Baba ya tambaye ni tabki

Assalamu alaikum Yaya Sanusi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Agadas? Mu nan Madarumfa lafiya lau, an gama girbi, alhamdu lillahi.

Ran Asabar Baba ya kafe sai ya je tsohuwar gonarmu ta kan tudu. Na ce a ɗaura wa jaki amalanke, ya ce shi ba buhun gero ba ne. Haka muka kama hawa da ƙafa tun da hantsi, ni da gorar fura, shi a gaba da sandarsa. Ko tuntuɓe bai yi ba. Da muka isa, ya durƙusa yana shafa ciyawar gambar da kuka dasa tare a kan iyaka.

Muna hutawa ƙarƙashin gawo, ga tabki shimfiɗe a ƙasa yana ƙyalli, har jiragen masunta ina hange, sai ya juyo ya ce, "Hadiza, bana tabkin ya cika kuwa?"

Yaya, ashe ƙafarsa ce ta san hanya. Idon ya daɗe da tafiya, yake ta ɓoye mana. Na ce ya cika, na haɗiye kukana.

Za mu kai shi wurin likita a Maraɗi. Ka sa shi a addu'a, ka gaida mutanen gida. Amma don Allah ka daure ka zo kafin damina, tun yana iya rarrabe fuskarka da tawa.

Ƙanwarka,
Hadiza