Ƙarfen da Kika Ɗaga daga Ƙirjina

Zuwa ga Ramlatu, sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasar Rano,

Assalamu alaikum. Yau kwana tara ke nan da kika tafi gida Kibiya, kwana tara tsakar gidanmu ta zama kufai. Ki gaishe mini da Hajiya, ki kuma daure ki kai ƙarshen takardar nan kafin ki yanke mini hukunci.

Na san abin da idonki ya gani. Kin fito shara da hantsi, kika tarar da ni kwance a zaure, sandar ƙarfe ta danne mini ƙirji, numfashi yana neman gagarata. Ke da tulu ke ba ki wuya, ke kika ciccibi gefe guda har tafinki ya tsage. Ba ki yi kuka ba. Kallona kawai kika yi, kika ce, “Na ga ranar da aka shigo da Baba daga gona a kan amalanke. Ba zan zauna in ga taka ba.” Wallahi maganar nan ta fi ƙarfen nauyi.

Shekara goma sha biyar ina jan mota tsakanin Rano da Kano, tumbi ya taru har yana gogar sitiyari. Da Malam Manu na asibiti ya ce jinina ya hau, ke kika riƙa tura ni sassarfa a hanyar Saji bayan Asuba. Kin tuna safiyar da kika raka ni, raɓar gonakin dawa ta jiƙa miki bakin hijabi, kina dariya wai ina huci kamar san huɗa? Kilo bakwai na zubar, sannan ma'auni ya tsaya cak har wata biyu. Malam Manu ya ce in haɗa tafiyar da ɗaga nauyi sau biyu a mako, don tsoka idan ta yi ƙwari tana taya jiki cin kitse. Ya ja mini kunne in fara da kaɗan, kada in riƙe numfashi, kada in yi ni kaɗai. Duka ukun na karya. Na sa Mato bakanike ya yi mini waldar tsofaffin ƙarafan birki a jikin sanda, na ɓoye bayan buhunan masara, wai in ba ki mamaki.

Ga abin da ban faɗa miki ba. A awon ƙarshe jinin bai sauka ba, kuma Malam Manu ya ce idan ranar Alhamis ɗin nan haka yake, in haƙura da doguwar hanya kafin in faɗi da fasinja a bayana. Tsoro ne ya sa ni gaggawa, tauraruwata, ba taurin kai ba. Me zan zama idan aka raba ni da mota? Me kuma zan zama idan aka bar mini motar, ke ba kya nan?

Ba zan yi miki ƙarya in ce na daina ba. Na mayar wa Mato ƙarfensa. Yanzu galan biyu na ruwa nake ɗagawa, a hankali, ina shaƙa ina fitarwa. Amma wa zai tsaya a kaina? Wa zai ce mini ya isa? Ki zo mu je tare, ki titsiye Malam Manu da duk tambayar da ke cin ranki. Idan ya ce in ajiye, a gabanki zan ajiye.

Ranar Alhamis da sassafe zan tsaya a tashar Kibiya. Kujerar gaba ba zan ba kowa ba, ko wane ne shi. Idan kin fito, na gode wa Allah. Idan ba ki fito ba, haka zan ja motar, kujerar wayam, har ƙofar asibiti, kuma ko me awon jinin ya nuna, ke ce za ki fara ji.

Mijinki, wanda zuciyarsa ba ta san wata hanya ba sai taki, yau da gobe, har ƙarshen numfashi,

Gwadabe