Kabarin Bature Mai Lofe

Danau Kota, Kuala Lumpur
4 ga Mayu, 2025

Gwaggo Halimatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara da mutanen Bukuru, har da waɗanda suka cire ni daga zauren WhatsApp na dangi. Tunda kowa ya toshe lambata, ga takarda ta hannun Nahum, abokin zamana ɗan Barikin Ladi.

Gwaggo, a bi maganar nan daga tushe. Baffa Ahmadu ne ya fara. A gaban kowa ya rubuta wai na bar kwaleji na koma gyaran waya, na zubar da mutuncin zuriyar Malam Abdulmajid, jinin malamai. Littattafan da na karance ni kaɗai a bayan shagon nan, Baffa ko bangonsu bai taɓa gani ba. Shi ne na ɗora sakamakon gwajin DNA ɗina: kashi goma sha biyu cikin ɗari na jinina daga Cornwall yake, wani lungu na Ingila inda ake haƙar kuza kamar Filato. Na ce to ga jinin malaman nan. Ƙarya na yi? Yawu kawai na tofa a kwalba, ba ni na rubuta sakamakon ba.

Ita kuma Kaka Hureira me ya yi zafi? Tun ina ɗan mitsitsi nake ce mata Baturiya saboda farin nan nata, ita kuma ta ce min angon banza da ko akuya bai ajiye ba. Wasan jika da kaka ne fa. Sau tara ina kira, ba ta ɗauka.

Ki ce mata angonta na gaisuwa.

Ɗanki,
Zahraddeen

Bukuru
2 ga Yuni, 2025

Zahraddeen,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, damina ta zauna, Allah Ya yi maka albarka Ya kuma shirye ka.

Ka ce a bi daga tushe, to ga tushen. Abin da kwalbarka ta gaya maka, Inna, kakar taka, ta san shi tun tana shekara bakwai. Mahaifiyarta Ɗelu tuwo take sayarwa a bakin ramin kuza, ta haife ta da wani Bature da leburori ke kira Mai Lofe. Ya tafi bai waiwayo ba. Malam Abdulmajid ya auri Ɗelu da goyo a bayanta, ya tara 'yan uwansa ya ce duk wanda ya kira yarinyar nan da wani uba ba shi ba, kada ya zo jana'izarsa. Shekara saba'in da bakwai unguwa guda ta riƙe bakinta. Kai ka zo ka buɗe da yatsa ɗaya, a gaban mutum sittin da uku, har da surukai.

Baffanka ka kai wa mari, amma fuskar Inna ce ta kumbura. Ta daina zuwa Islamiyya tun ranar da wata ta ce mata ta ɗaga ɗankwali a ga gashin Turawa.

Ba ta zage ka ba. Na karanta mata takardarka, da na zo wajen "angonta" sai ta ce, "Wa ke nan? Au, Zahraddeen." Ka taɓa jin sunanka na yanka a bakinta?

Ka zauna ka yi tunani. Na bar ka lafiya.

Gwaggonka,
Halimatu

Danau Kota
20 ga Yuli, 2025

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina durƙushe ina gaishe ki. Yaya ƙafar? Gwaggo, don Allah ki karanta mata duka, kada ki tsallake komai.

Takardar Gwaggo ta same ni a shagon shayin mamak, wato Musulman Indiyawan nan, da ke ƙasan beninmu. Sau uku na karanta, shayin ya huce ban sha ba. Kin san halina, in na ji kunya sai na nemi wanda zan zaga. Sai na ce bari in tono Mai Lofen nan in wanke shi tas.

Shafin gwajin ya haɗa jinina da na wata dattijuwa, Morwenna Tregear, a garin Redruth da ke Cornwall. Ta turo min hotunan littafin cocinsu, inda suke rubuta wanda aka yi wa baftisma, wanda ya yi aure da wanda aka binne. Rubutun kamar kaza ta tona ƙasa, mako biyu na yi ina koyon karanta shi. Na same shi: James Tregear, haihuwar 1916, ɗan mahaƙin kuza. Na bi shafukan aure layi-layi don in ga matar da ya bar Ɗelu dominta. Babu. Na bi na mutuwa. Babu.

Morwenna jikar ƙanensa ce. Ta ce daga Filato kamfani ya turo shi nan Malaya, wato Maleshiya ta yau, a 1949, bayan shekara biyu rami ya rufta da shi. Kaka, kabarinsa yana garin Batu Gajah, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa daga inda nake kwana. Shekara uku ina ƙasar nan ban sani ba.

Morwenna tana da wasiƙar da ya aika wa uwarsa. Ya ce: "Na bar 'ya a Bukuru, haƙoranta biyu, kullum sai ta fizge min lofe. In wa'adin aikina ya cika zan koma."

Ban ce ba shi da laifi ba, da ya so ai da bai tafi ba. Amma na je kabarin da zagi cike da bakina, na tarar da ciyawa ta kai gwiwa, rabin sunan ya goge. Na tsaya kamar wawa. Shi ƙasa ce ta hana shi dawowa, ni me ya hana ni yin shiru? Abin da Malam ya rufe miki da rigarsa, ni na yaye don in ci Baffa da gardama. Har yanzu ban ce Baffa na da gaskiya ba, ba shi da ita. Amma na ɗauka duk abin da jika ya faɗa wa kaka wasa ne, ashe duk ranar da na ce miki Baturiya kina dariya ne kina haɗiyewa.

Ki yafe min. Ko ba ki ɗauki waya ba, ki aiko min da zagi irin na da.

Jikanki,
Zahraddeen

Bukuru
9 ga Satumba, 2025

Zahraddeen,

Wa alaikumus salam. Inna ta sa na maimaita mata wajen haƙoran nan sau biyu. Ga saƙonta yadda ta faɗa:

"Ubana Malam Abdulmajid ne, shi ya kai ni makaranta a kafaɗa, shi ya ɗaura min aure. Wancan kuwa baƙo ne da ya mutu a ƙasar mutane. Ka sayi lauje ka koma ka nome masa ciyawar. Na yafe maka saboda Allah. Ka riƙa cin abinci."

Har yau ba ta koma Islamiyya ba.

Na tambaye ta ko in sa "Angona" a saman takardar. Ta ce a'a, in rubuta sunanka yadda yake.

Allah Ya tsare.

Gwaggonka,
Halimatu