Koren da Ban Yarda da Shi Ba

Litinin, 3 ga Yuni

Kwamfutar asibitinmu a nan Multan, Pakistan, ta fara wata ƙara, ƙas-ƙas, kamar ɓera na cin katako. A cikinta bayanan yaran da muke yi wa ƙarin jini suke, da irin jinin da jikin kowanne ba ya karɓa. Zubair bhai (wato yaya Zubair), mai kula da kwamfutar, shi kaɗai ke da kalmar sirrin admin, mai buɗe komai, shi kuwa ya fita da'awa ta kwana arba'in. Wayarsa ma a gida ya bar ta, wai kada duniya ta bi shi. To ga duniyar nan ta biyo ni.

Talata, 4 ga Yuni

Na kunna manhajar binciken lafiyar kwamfuta da ƙaramin izinina. Ta nuna kore. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, ta ce ba a ba ta izinin duba ma'ajiyar bayanan ba. Wato inda ciwon yake, nan ne ba ta leƙa ba.

Babban likitanmu, Dakta Sahib, ya hango koren, ya ce, "Ai ga shi lafiya lau, 'yata. Ke dai kin cika tsoro." Na ce to. Kullum to nake cewa.

Alhamis, 6 ga Yuni

An ɗauke wuta sau uku. Zafin Multan ga mutum ma yaya, balle inji. Duk ɗaukewa sai gabana ya faɗi.

Asabar, 8 ga Yuni

Na je gidan su Zubair bhai. Mahaifiyarsa ta cika ni da mangwaro. "Yana hanyar Allah, me zai lalace?" in ji ta. Ba ta ma san garin da suke ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Fayil ɗin Hooria, 'yar shekara shida, ya ƙi buɗewa, ga ta a kan gado tana jiran jini. Da ƙyar ya buɗe a karo na huɗu. Wallahi da an sa mata wanda jikinta ba ya so...

Na fara kwashe abin da izinina ya kai zuwa filas, ɗaya bayan ɗaya. Rabin fayilolin ma ban isa in taɓa ba.

Lahadi, 23 ga Yuni

Abinci ba ya shiga. Ammi, mahaifiyata, ta ɗauka soyayya ce.

Juma'a, 5 ga Yuli

Zubair bhai ya dawo, gemu ya ƙaru, fuska fes. Ya sa kalmarsa, ya kunna manhajar nan dai. Ja daga sama har ƙasa. Ya ce Allah ya rufa asiri, yau za a canja ma'ajiyar. Wai baɗi da'awar wata huɗu zai fita.

Na ce, "Bhai, ko ka ba ni kalmar yanzu, ko baɗi ka yi da'awarka a ɗakin nan." A gaban Dakta Sahib. Ban san daga ina muryar ta fito ba.

Ya ba ni. Na ci mangwaro biyu, ba don komai ba, yunwa ce kawai.