Bangon Ɗakin Inna

Kuseri

Ƙanena Ziyad,

Assalamu alaikum. Ya Garwa, ya zafi, ya iyali?

Tunda ka ƙi ɗaga waya, ga takarda ta hannun direba. Blandine, maƙwabciyarmu ta Pitowa, ta zo sarin busasshen kifi, ta ce ta ga hotunanka a ɗakin expo na Garwa, inda ake baje kolin hotuna. Na zaci kogin Binuwai ka ɗauka, ko gonakin auduga. Ashe hotunan bangon ɗakin marigayiya Inna ka rataye, duk ya zaizaye, baƙi na tsaye suna kallo! Haba Ziyad! Duk faɗin ƙasar nan ka rasa abin nunawa sai asirin gidanmu? Yanzu cewa ake 'ya'yan Sadiƙa sun bar ɗakin uwarsu ya zama kufai. Ni ce babba, ni ake zagi. Ka sauke su.

Yayarka,
Kaltumi

Garwa

Adda Kaltumi,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ina gaida maigida da yara.

Ba na ɗaga waya ne don ba kya bari in kai ƙarshen magana. Adda, ba kufai nake ɗauka ba, lokaci nake ɗauka. Tun rasuwar Inna, duk ƙarshen damina nakan je in tsaya a gindin darbejiyar nan, wuri ɗaya, da la'asar, in ɗauki bangon. In kin jera hotunan za ki ga abin da ruwa ke ci a hankali. Ki zo ki gani da idonki. Abu ɗaya nake roƙo: kada kowa ya taɓa bangon.

Ki huta lafiya,
Ziyad

Kuseri

Ziyad,

Gaisuwa mai yawa. Lokaci kake ɗauka? To, sayi agogo mana! Wannan bokon naka ya ishe ni, wallahi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni na share kunyata. Na sa Michel magini ya kankare tsohon yaɓen, ya shafe bangon da siminti, ya buga shuɗin fenti. Blandine ta ce ya yi fes. Je ka ɗauki wannan ka rataye, mu ma mu ɗaga kai.

Allah ya shirye ka,
Kaltumi

Garwa

Adda,

Salam. Na je Pitowa. Na tsaya a gindin darbejiya har rana ta faɗi, ban iya ciro kyamara daga jaka ba.

Kin san abin da Michel ya kankare? Inna ce ta yi yaɓen nan da hannunta, ba da cokalin gini ba. Sawun yatsunta na nan a jikin laka, layi-layi, ba a ganinsu sai rana ta karkata ta haske su daga gefe. Shi ya sa nake zuwa da la'asar. Kin san ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko sau ɗaya. Wannan kaɗai ta bar mana. Na ji haushinki, Adda, na kuma ji haushin kaina da na tsaya yi miki zancen lokaci maimakon in faɗa miki gaskiya tsirara.

Ga hoton shekarar farko. Ki duba da kyau.

Ziyad

Kuseri

Ƙanena,

Hoto ya iso. Na kasa cin abinci.

Ka lura da ƙananan yatsun da ke can ƙasa, kusa da ƙofa? Ba nata ba ne, nawa ne. Ranar kana goye a bayanta, ta ce in taya ta. Na manta sam, sai yau.

Kada ka sauke ko ɗaya. Ina tafe ranar Asabar.

Kaltumi