Nas Ta Tambaye Ni Ko Ina Son Ɗan Farina

Anti Ma'u, don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis, kaina ya kulle.

Shekarata sha tara, haihuwar fari ce, ina wanka a gidanmu a Ƙofar Durɓi. Mijina Keke Napep yake ja, shi ma ba nashi ba ne. Tun ina da ciki wata nas, Tabitha, 'yar Filato, take zuwa duba ni har gida, wai asibitin da nake awo ne ke tura su wurin masu cikin fari marasa ƙarfi. Ko kunu aka ba ta sai ta ce ta ƙoshi. Ni dai na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma wa ya ce mata mu marasa ƙarfi ne?

Zuwanta na ƙarshe ta ɗora yaron a sikeli, ta ɓata rai, ta ce nauyinsa bai ƙaru ba. Sai ta roƙi Inna da 'yan barka su ba mu wuri, ta tura ƙofa, ta hau tambayata ko ina barci, ko ina kuka ni kaɗai, wai ko ina son yaron. Anti, ɗan fari fa! Ga shi sunan surukina ya ci. Ashe ta lura ban taɓa kiran sunansa ba, kuma in yana kuka kau da kai nake yi sai Inna da baƙi sun fita in ba shi nono, gidan kuwa ba ya rabo da baƙi. To me zan ce mata? Na sunkuyar da kai na yi shiru. Ta daɗe tana kallona, ta ce Alhamis da likita za ta dawo.

Asabe maƙwabciyarmu ta rantse haka suke yi, su ce uwa ta taɓu, su ɗauke jariri. Wallahi ina son yaron nan, in ba kowa har sansanar kansa nake yi. Shin in gudu wurin gwaggona a Ƙofar Ƙaura, a ce mata na yi tafiya?

Mai jego a Ƙofar Durɓi

'Yata, barka da sauka lafiya.

Zarginki ba laifi ba ne, duk mai shigo miki ɗaki ya kamata ki san wanda ya aiko shi. Gobe mijinki ya je asibitin ya tambaya ko sun san Tabitha. In ba su san ta ba, a rufe mata ƙofa. Asabe kuwa, ki ce ta faɗi sunan mace ɗaya da aka ƙwace wa ɗa, ki ga yadda za ta hau kame-kame.

In ta tabbata tasu ce, ga abin da nake gani. Akwai ciwon damuwa da ke kama mai jego, ta daina kallon ɗanta, ta daina magana, har ya kai wasu ga halaka. Shi nas ɗin take tsoro. Ta ga kunya ta ɗauka cuta ce, shirunki kuma ya ƙara ruɗa ta. Da ta tambayi Inna tun farko da ba a kai nan ba. Kar ki gudu, gudun ne zai sa ta gaskata zatonta. Ki zauna, Inna ta yi musu bayanin al'adarmu, ke kuma ki faɗa musu abin da kika faɗa mini.

Sai dai sikeli bai san kunya ba. Ni ma har yau ba na kiran sunan ɗan farina, ga shi da gemu, amma bai taɓa jiran baƙi su tashi yana kukan yunwa ba. Da ya motsa ki ɗauke shi ku shige ƙurya, ko ki yafa mayafi. Ki ɓoye sunansa iya son ranki, amma kar ki ƙara ɓoye masa nono.

Allah Ya raya shi, Ya ba ki lafiyar shayarwa.

Anti Ma'u