Tafin Hannunki a Bangon Zaure

Tiga, bayan ƙaramar Salla, 1974

Zuwa ga Furera, sanyin idona, inuwata in rana ta take, ruwan randa a bakin mai azumi. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da Malam.

Ni kam lafiyar jiki ce kawai. Ƙawarki Delu ta gaya mini Malam ya ƙi filin da aka yanka masa a sabon gari, zai kwashe ku zuwa Doguwa kafin babbar Salla. Kawuna ma ya dawo da goronsa a hannu, wai Malam ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya zo tare da masu ginin dam ɗin da ruwansa ya cinye garinku ba. Wayyo Furera! Ni na tare kogi? Ni na kwaɓa siminti? Kyamara kawai aka rataya mini a wuya, aka ce in bi sababbin gine-gine ina ɗauka.

Kuma na ɗauka, ba zan yi musu ba. Na ɗauki bangon dam tun yana ɗan tudu, na ɗauki otal ɗin Bagauda da tagoginsa na gilashi, na ɗauki makarantar sabon gari, kwanonta yana kashe ido. Ƙa'idar aikin ita ce a jira rana ta karkata, inuwa ta fito da kusurwar gini, kuma kada kowa ya gitta. Manya sun yaba, har an manna wasu a ofis a Kano. Ni kuwa in na wanke su sai zuciyata ta yi baƙi, don duk kyansu babu ƙofa ɗaya da zan tsaya in yi sallama ki amsa.

Kin tuna yammacin da na fara roƙon in ɗauke ki, a tsohon garinku? Kika ruga bayan ƙyaure kina dariya, kika ce Malam ya hana hoton mai rai, in je in ɗauki bango, tunda su ne abokaina. Sai kika leƙo kika nuna mini tafin hannunki a ƙasan bangon zaure, wanda kika danna a ɗanyen yaɓe kina ƙarama, har kika sha faɗa. Ranar na bi umarninki, ya kurciyar zuciyata. Na ɗauki bangon.

Shekaranjiya Sabo masunci ya kai ni wurin a kwalekwale. Kan rimin nan na ƙofar masallaci kaɗai ya rage a saman ruwa. Zauren da kakanki ya gina, wanda Malam ya gaji karantarwa a ciki, ya narke ya koma laka. Na yi kuka a gaban Sabo, ban ji kunya ba. In ni baƙo na ji haka, ina ga Malam? Wallahi ban ga laifin fushinsa ba.

Ga hoton nan na naɗe a cikin takarda. Ki dubi girman Allah ki ba Inna ta kai masa. Babu mai rai a ciki: zaure ne, da dakali, da alluna a jingine, da buzunsa a shimfiɗe inda ya bar shi ya tafi alwala. Ba cin hanci ba ne, hakkinsa ne, ko ya ba ni ke ko ya hana. Amma in kika ga ya ajiye shi bai mayar ba, ki aiko Delu, ni da kawu za mu sake ɗaukar goro mu biyo ku har Doguwa, ko da ƙafa ne.

Biyu na wanke, ɗaya yana aljihun ƙirjina. Tafin hannunki a ciki bai fi ƙwayar dawa ba, amma wurin har ya fara koɗewa saboda taɓawa. Na ɗauki rabin gine-ginen ƙasar nan, Furera, amma wannan ɗan tafin hannun kaɗai na mallaka daga gare ki.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Sabi'u mai hoto